Yadda Ake Kula da Babban Yaro Idan Ciwon Kurup Ya Tsananta Masa

Kurup ciwo ne na kumburin maƙogwaro da bututun iska, wanda ake gane shi da tari mai kama da haushin kare, da dishewar murya, da wata ƙara mai tsini da ke fita duk lokacin da yaro ya ja numfashi. Ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 3, kuma da wuya a gan shi bayan shekara 6. Saboda haka idan yaro ɗan shekara 7 ko 10 ya farka da dare yana irin wannan tari, numfashinsa yana sarƙewa, abubuwa biyu ne a gaban iyaye lokaci guda: su taimaka masa ya sami iska, kuma kada su saki jiki cewa kurup ne kawai har sai likita ya tabbatar.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin halittar maƙogwaro. Wurin da kurup ke kumbura yana ƙasa kaɗan da jijiyoyin murya, inda wani zoben guringuntsi ya kewaye hanyar iska gaba ɗaya, ta yadda kumburin ba shi da inda zai nufa sai ciki. A jariri, faɗin wannan hanya bai wuce kimanin milimita 4 ba, don haka kumburin milimita 1 a kewayenta yana cinye kashi 75 cikin 100 na sararinta. Babban yaro kuwa hanyarsa ta faɗaɗa, irin wannan kumburi ba ya hana shi numfashi, yawanci murya ce kawai za ta dishe masa. Idan har ya kai ga wahala, to ko dai kumburin ya yi yawa ƙwarai, ko hanyar iskarsa tun asali ƙuntatacciya ce, ko kuma wata cuta ce dabam ta zo da kamannin kurup.

Mataki na farko: a kwantar masa da hankali

Kafin magani, kafin komai, a hana yaron firgita. Kuka da tsoro suna sa ya riƙa jan iska da ƙarfi, kuma jan iska da ƙarfi ta ƙuntatacciyar hanya yana ƙara matse ta. A nan babban yaro ya fi jariri sauƙi ta wata fuska, domin yana jin magana, ana iya gaya masa cewa maƙogwaronsa ne ya kumbura kuma akwai maganinsa. Ta wata fuskar kuma ya fi wahala, domin yana karanta fuskar iyayensa sarai, idan ya ga sun ruɗe shi ma zai ruɗe. Mutum ɗaya ya zauna da shi yana yi masa magana a hankali, sauran su ba shi wuri.

A bar shi ya zauna yadda ya fi jin daɗin numfashi, galibi a miƙe ko ya ɗan karkata gaba. Kada a tilasta masa kwanciya rigingine. Kada kuma a sa cokali ko yatsa a bakinsa don a leƙa maƙogwaro, domin idan ciwon na murfin maƙogwaro ne, wato ɗan naman da ke rufe hanyar iska lokacin haɗiya, taɓa wurin na iya rufe hanyar iska gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Idan ɗakin ya yi zafi a buɗe taga, iska mai sanyi takan ɗan sassauta wa wasu yara.

Mataki na biyu: a auna tsananin ciwon

A ɗaga masa riga a kalli ƙirjinsa da wuyansa, sannan a saurara. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: ƙarar nan ta jan numfashi tana fita ne kawai idan yana kuka ko tari, ko kuwa ana jin ta ko yana zaune shiru? Idan sai ya motsa ko ya yi kuka take fita, yana magana da cikakkun jimloli, yana shan ruwa, to ciwon bai yi tsanani ba. Idan ana jin ta yana zaune ba ya komai, ya wuce abin da za a zauna da shi a gida.

Alamomin tsanani su ne fatar da ke tsakanin haƙarƙari da ramin wuya tana lotsawa ciki da kowane numfashi, hanci yana buɗewa, numfashi yana sauri (fiye da sau 30 a minti ɗaya ga yaro mai shekara 6 zuwa 12), kuma ba ya iya faɗin fiye da kalma ɗaya ko biyu ba tare da ya tsaya ya nemi iska ba. Leɓɓa da harshe da farce idan sun yi duhu ko sun koma launin toka, iskar oksijin ta yi ƙaranci a jini. A yaro mai duhun fata, cikin leɓe da harshe ne wurin da ya fi nuna wannan.

Akwai alama ɗaya da ke yaudarar iyaye da yawa. Yaron da ya daɗe yana fama yakan gaji, sai ƙarar ta ragu, tarin ya yi rauni, ya fara gyangyaɗi ko ya riƙa magana ba kan gado. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin sauƙi, alhali iskar da ke wucewa ce ta ragu har ba ta isa ta yi ƙara ba. Sauƙi na gaskiya yana zuwa da numfashi mai natsuwa da ƙirjin da ya daina lotsawa. Shirun da ya zo da kasala da lotsawar ƙirji kuwa shi ne mafi haɗari a duk wannan ciwo, kuma yana buƙatar a tafi asibiti nan take.

Mataki na uku: a duba ko ciwon ba kurup ba ne

Wannan matakin ne ya bambanta babban yaro da ƙarami, kuma a ganina shi ne ya fi cancantar iyaye su riƙe. Kurup na gaskiya ƙwayar bairos ce ke kawo shi, galibi wadda ake kira parainfuluwenza, wani lokaci kuma ta mura mai tsanani, ko ta korona, ko ta ƙyanda. Yakan fara da majina da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, sannan tarin ya bayyana da dare, ya fi tsanani a dare na biyu ko na uku. Duk abin da ya kauce wa wannan tsari ya kamata ya ja hankali.

Idan yaron ya yi kwanaki da abin da ya yi kama da kurup, sai zazzaɓi ya yi sama kwatsam, jikinsa ya mutu, yana fitar da majina mai kauri kamar mugunya, ana zargin bakteriya ta kama bututun iska. Wannan ciwo ya fi samun yaran da suka ɗan girme shekarun kurup, ba ya jin magungunan kurup yadda ya kamata, kuma yana buƙatar maganin kashe bakteriya ta jijiya, sau da yawa a ɗakin kulawa ta musamman.

Idan babu tari sosai, amma yawu yana dalala saboda ba ya iya haɗiya, muryarsa ta toshe maimakon ta dishe, ya zauna ya miƙa wuya gaba ya ƙi kwanciya, ana zargin kumburin murfin maƙogwaro. Allurar rigakafin Hib, wata bakteriya da ke kawo shi, ta rage wannan ciwo ƙwarai, amma ba ta kawar da shi ba. Maruru a bayan maƙogwaro ko a gefen ƙullutun maƙoshi shi ma yana kawo dalalar yawu, tare da kasa buɗe baki ko kasa juya wuya.

Mashaƙo ma yana shigowa da dishewar murya da irin wannan tari, musamman ga yaron da bai kammala allurar rigakafi ba. Yana zuwa da ciwon maƙogwaro, da kumburin wuya, da wata fata mai launin toka da ke manne a maƙoshi. Sai kuma abubuwa biyu masu zuwa farat ɗaya ba tare da mura ko zazzaɓi ba: shaƙewa da wani abu, kamar murfin biro ko ƙaramin abin wasa da yara 'yan makaranta kan sa a baki, da kuma mummunan borin jiki bayan cin wani abu ko shan magani ko harbin ƙwaro, wanda ke kumbura leɓɓa da fuska ya fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Idan likita ya taɓa ba yaron allurar adirenalin ta gaggawa don a ajiye masa saboda irin wannan bori, a yi masa ita a cinya tun kafin a kama hanya.

Ba aikin iyaye ba ne su tantance wace ce daga cikin waɗannan. Aikinsu su lura, su kuma faɗa wa likita abin da suka gani.

Mataki na huɗu: a tafi asibiti, kuma a tafi da shiri

A kira motar ɗaukar marasa lafiya idan akwai, idan babu a nufi sashen gaggawa mafi kusa. Yaron ya tafi a zaune, wani babba na kusa da shi yana kallon numfashinsa, ba direba kaɗai ba. Kada a ba shi abinci ko a ɗura masa ruwa yana cikin wahalar numfashi. A ɗauki katin rigakafinsa da duk maganin da ya sha. Idan da hali, a ɗauki ɗan gajeren bidiyo na tarin da ƙarar, domin sau da yawa yaro kan ɗan sami sauƙi a hanya, likita ya rasa jin abin da iyaye suka ji a gida. Ko da ya sami sauƙin, kada a juya.

Abubuwan da likita zai so ya ji su ne lokacin da ciwon ya fara, ko akwai zazzaɓi, ko yaron yana haɗiya, ko ya taɓa yin irin wannan, ko yana da asma, ko an haife shi bakwaini, da kuma ko an taɓa sa masa bututun numfashi a baya.

Mataki na biyar: a san abin da za a yi masa a can

Ginshiƙin maganin kurup shi ne deksametason, maganin rage kumburi na rukunin siteroyid da ake bayarwa sau ɗaya, galibi ta baki, a kan miligiram 0.15 zuwa 0.6 ga kowane kilo na nauyin yaro. Idan yana amai ana iya yi masa allurarsa, ko a ba shi wani maganin irinsa mai suna budesonayid ta na'urar shaƙa. Aikinsa yakan fara bayyana cikin 'yan sa'o'i. Wasu iyaye kan ji tsoron wannan rukunin magani saboda illolinsa, amma waɗannan illoli na masu shan sa tsawon lokaci ne, ba na sha ɗaya ba. Duk da haka likita ne ke lissafa adadinsa, ba abin da za a saya a ba yaro da ka ba ne.

Idan ciwon ya yi tsanani, ana ƙara masa adirenalin ta na'urar shaƙa, wanda ke tsuke jijiyoyin jinin wurin ya sauke kumburi cikin minti 10 zuwa 30. Ƙarfinsa yana gushewa bayan kimanin sa'a 2, shi ya sa ake riƙe yaro sa'a 2 zuwa 4 ana lura da shi ko da ya warware yana neman tafiya gida. Ana ba da oksijin idan ma'aunin da ake maƙala wa yatsa ya nuna ƙasa da kashi 92 ko makamancin haka. Yaron da ya buƙaci adirenalin fiye da sau ɗaya, ko ƙarar ta ƙi barinsa, kwantar da shi ake yi. Ƙaramin yaro mai kurup ba ya cika buƙatar hoton wuya ko gwajin jini, amma a babban yaro likita ya fi saurin neman su, kuma rashin jin adirenalin shi kansa alama ce da ke sa a sake tunani a kan asalin ciwon.

Mataki na shida: kulawa a gida bayan sallama

Tarin yakan lafa cikin kwana 2 ko 3, wani lokaci ya kai mako guda. A daren farko da na biyu wani ya kwana kusa da shi. A ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, a ba shi farasitamol ko ibuprofen idan zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya dame shi, amma ban da asfirin ga yaron da bai kai shekara 16 ba. A nisanta shi da hayaƙin sigari da kowane irin hayaƙi. Maganin tari ba ya taɓa wannan kumburi, nau'in maganin da ke sa barci kuma yana iya ɓoye alamar gajiyar da aka ambata. Maganin kashe bakteriya ba ya aiki a kan bairos. Sirace da tururin ruwan zafi, duk da daɗewar da aka yi ana yin sa, bincike bai nuna yana rage kurup ba, ƙunar da yake jawo wa yara kuwa tabbatacciya ce. Ya koma makaranta idan zazzaɓi ya bar shi na sa'a 24 kuma ya sami ƙarfin jiki. Idan ƙarar ta dawo yana zaune shiru, ko zazzaɓi ya sake tashi bayan ya sauka, a koma asibiti a daren.

Mataki na bakwai: a bi diddigin dalili

Babban yaron da kurup ya kwantar, ko wanda ciwon ke dawo masa fiye da sau biyu a shekara, ya kamata likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba shi bayan ya warke. Wasu yaran asma ce ko borin jiki ke tayar musu da shi, wasu ruwan ciki ne mai tsami ke hawowa da dare yana ƙona maƙogwaro, wasu kuma akwai ƙunci a ƙasan jijiyoyin murya, ko na haihuwa ko tabon bututun numfashin da aka sa musu suna jarirai. Likita kan zura siririyar kyamara ta hanci ya kalli maƙogwaron, idan kuma yana son ganin abin da ke ƙasa da jijiyoyin murya sai a yi wa yaron allurar barci a duba bututun iskar. Zai taimaka masa ƙwarai idan iyaye sun zo da rubutaccen bayanin ranakun da ciwon ya taso, da ko mura ta riga shi ko haka kawai ya zo, da maganin da aka ba yaron a kowane karo.