Yadda ake haɗa firam ɗin hoto da zai jure hunturu da daminar Jos

Yawancin firam ɗin da ke lalacewa a Jos ba faɗuwa suke yi ba, yanayi ne ke cinye su a hankali. Daga Afrilu zuwa Oktoba katako da takarda suna shan laima su kumbura, hunturu ya shigo ya tsotse su su tsuke. Firam ɗin da aka matse komai a cikinsa gam-gam ba ya shekara biyu sai kusurwa ta buɗe baki, ko hoto ya yi tudu-tudu. Saboda haka a kowane mataki na aikin nan, ka bar wa kayan wurin motsi.

Fara da katako. In ka shiga Kasuwar Katako, kada kyan launi ya ja ka, busasshe za ka nema. Ɗanyen katako ya fi nauyi, kuma za ka ji shi da sanyi a tafin hannu. Madaci yana da ƙarfi da jan launi mai kyau, malaina ta fi sauƙin yanka da araha, amma ƙusa ba ta kama ta sosai. Duba ko akwai ƙananan huji da gari-gari, alamar ƙwaro na ciki ke nan, ka bar musu abinsu. Ka ajiye abin da ka saya a kwance cikin inuwa kamar mako biyu kafin ka sa masa zarto. Sai masu inji su fere maka shi faɗin santimita 4, su cire kwarmi a baya mai faɗin santimita 1 da zurfin santimita 1. A cikin kwarmin nan gilashi da hoto da marfin baya za su zauna.

Awo shi ne inda ake asarar katako, don haka bari mu ɗauki misali. Hoton aure ne mai faɗin santimita 20 da tsawon 30. Za a kewaye shi da kwali mai taga a tsakiya. Tagar ta zama 19 da 29, wato kwalin ya hau bakin hoton da rabin santimita ta kowane gefe. Bar 5 a sama da gefe biyu, 6 a ƙasa, domin in an yi su daidai ido yana ganin kamar hoton ya zame ƙasa. Kwalin ya tashi 29 da 40 ke nan, gilashi da marfin baya ma haka. Amma cikin kwarmi ka ƙara milimita 3, ya zama 29.3 da 40.3. Wannan 'yar ratar ita ce ke hana gilashi tsagewa ranar da katako ya tsuke. Don samun tsawon kowane sanda ta waje, ƙara 6, wato ragowar santimita 3 na katakon sau biyu: sanduna biyu 35.3, biyu 46.3. Mita 2 na katako zai ishe ka har da rarar kuskure.

Kowane baki ana yanka shi a kan digiri 45. Yanka takwas ne, in kowanne ya kauce da rabin digiri kawai, kusurwar ƙarshe za ta buɗe da digiri 4, kuma babu gam ɗin da zai rufe wannan. Yi amfani da akwatin yanka mai tsaga da zarto mai ƙananan haƙora. Sanduna biyu masu fuskantar juna ka haɗa su baya da baya ka shafa bakinsu da yatsa, in ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa ko da kaurin farce ne, ka goge da samfefa a kan shimfiɗaɗɗen katako. Jera huɗun a tebur babu gam tukuna, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye. Awo biyun su zo ɗaya.

Bakin da aka yanka yana shanye gam kamar soso. Shafa farin gam na kafintoci kaɗan, jira minti biyar, ka sake shafawa sannan ka haɗa. In ba ka da abin matsewa, robar tsohon tub ɗin mashin ta wadatar: yanka ta tsiri, ka zagaye firam ɗin da ita sau uku, ka sa guntun kwali a kusurwoyi kada ta ci katakon. Goge gam ɗin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma nan take, don banish ba ya kama wurin da gam ya bushe. Bar shi ya kwana. Da sanyin Disamba na Jos ma gara ka ba shi kwana ɗaya cur. Sannan ka buga siririyar ƙusa biyu a kowace kusurwa, bayan ka dakushe tsininta da hama don kada ta tsaga katakon.

Gilashin milimita 2 ya isa wannan girman, in firam ya wuce santimita 60 ka koma 3. Wanke shi ciki da waje, ya bushe sarai.

Yanzu hoton kansa. Kada ka shafa masa gam a baya, kada kuma salatif ya kusance shi, don yana yin rawaya ya bar tabon da ba ya fita. Guntayen tef na takarda biyu za ka liƙa a bakinsa na sama kaɗai, ya rataya a bayan kwalin, gefe da ƙasa a sake. Kwalin nan ba ado kawai ba ne, shi ke raba hoto da gilashi. Hoton da ya jingina da gilashi, damina ɗaya ta isa ya manne, in ka zo cirewa fuskar amarya ta biyo gilashin. Zayyana ko ayar da malami ya rubuta da tawadar gargajiya ta fi haɗari, domin da ƙaro ake haɗa tawadar, laima kaɗan ke narkar da ita. Takardar shaidar makaranta kuwa, masu kawo ta kan ce a yi mata lamineshan tukuna. Ka ba su shawara su bari: robar ba ta ɓaruwa in ta kama, kuma wasu ofisoshin ba sa son karɓar ta asali a haka.

Jera su ta baya: gilashi, kwali da hoto, farar takarda mai kauri, sai marfin filawud na milimita 3. Kafin ka danne da ƙananan ƙusoshi, juya ka duba a haske, don ƙwayar ƙura ɗaya a kan farar riga za ta sa ka kwance aikin duka. Rufe tsagar baya da tef mai faɗi saboda ƙurar hunturu da kyankyasai.

Ɗaura zobba biyu a sandunan gefe, kashi ɗaya cikin uku daga sama, ka haɗa su da waya. Manna guntun roba a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta riƙa ratsawa tsakanin firam da bango. Ka gaya wa mai kaya kada ya rataye shi a bangon da ruwan sama ke duka ta waje, ko sabon filasta da bai gama bushewa ba, ko inda ranar yamma ke shigowa ta taga. In za a goge, a fesa ruwan a tsumma, don wanda aka fesa a gilashi yakan gangara cikin kwarmi ya jiƙa kwalin ta ƙasa.