Yadda za ka kare kanka a Italiya idan an ce kai ne manajan bayan fage na kamfanin da ya karye

A Italiya, rashin sunanka a rajistar kamfani ba ya wanke ka. Sashe na 2639 na Codice civile, wato dokar farar hula ta Italiya, ya ce wanda ya riƙa gudanar da muhimman ayyukan manaja a kai a kai, manaja ne a idon doka. Karkatar da dukiyar kamfani ko ɓata littattafan lissafi don a cuci masu bin bashi kuwa, ɗaurin shekara 3 zuwa 10 ne, bisa sashe na 322 da 329 na dokar karayar kamfanoni da ta fara aiki a 2022.

Da farko, nemi lauyan manyan laifuka kafin ka zauna da curatore, wato wanda kotu ta naɗa ya tattara dukiyar kamfanin. Rahotonsa yana isa hannun mai gabatar da ƙara, kuma abin da ka faɗa masa yana iya dawo maka a kotu. Nan ne mutane da yawa ke ɗaure kansu da "ai ni nake kula da komai".

Na biyu, kuma nan ƙarfin shari'ar yake: nuna cewa umarni kake bi. Waye ke sa hannu a banki? Waye ke ɗaukar ma'aikata da sallamarsu? Waye ke yanke farashi da masu kawo kaya? Tattara takardar ɗaukarka aiki, takardun albashi, da saƙonnin da kake neman izini a cikinsu. Biyan kuɗi jefi-jefi bai kai "a kai a kai" ba. Amma kada ka dogara da cewa ɓangare ɗaya na kamfanin kawai ka riƙe. Kotuna ba sa buƙatar a ce duk ikon manaja yana hannunka.

Na uku, bi sawun kowane Yuro da ake tuhumarka da shi. Kuɗin da ya biya albashi ko haya ba karkatarwa ba ne. Wanda aka mayar kafin kotu ta ayyana karyewar kamfanin ma hujja ce. Kada ka goge saƙo ko ka gyara takarda ko ɗaya.

Idan sanarwar kammala bincike ta sashe na 415-bis na dokar shari'ar laifuka ta iso, kwana 20 gare ka ka miƙa bayani da takardu, ko ka nemi a saurare ka. In hujja ta yi maka nauyi, lauya zai iya neman a mayar da tuhumar zuwa bancarotta semplice, wato laifin karayar kamfani ba tare da zamba ba, mai ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko a bi gajeriyar shari'a da ke rage kashi ɗaya cikin uku na hukunci.