Kurakuran da ke karya masu tallar abinci

Mai tura baro da kulolin shinkafa da wake, ko mai zagayawa da bokitin ɗanwake, ba kasafai rashin iya girki ke kayar da su ba. Cin uwar kuɗi ne. A dawo da yamma aljihu ya yi nauyi, sai a ɗauka duk riba ce: a yi cefanen gida, a sa kati, a ba yara na makaranta. Washegari a je awo, kuɗin ya kasa sayen kwanon jiya.

Kafin ka taɓa ko sisi, ware kuɗin shinkafa, wake, mai, gawayi, leda da roba, har da na mai ga-ruwa. Wanda aka zuba wa mutanen gida ma a sa shi a lissafi, ai ba daga sama ya faɗo ba. Abin da ya saura shi ne naka. Kuma da farashin gobe ake lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya ga yadda kwano ke kwana da kuɗi ɗaya ya tashi da wani.

Sai bashi. "Zuba min, anjima ka biyo." A kasuwa irin Kantin Kwari, inda yaran shago da 'yan dako ne masu cin abincinka kullum, ba yadda za ka hana shi ɗungurungum. Amma a rubuta, kuma wanda bai biya na jiya ba kada a ƙara masa na yau. Mai tiransifa kuwa, kada hoton da ya nuna a wayarsa ya ruɗe ka, jira alat ya shigo taka.

Yawo barkatai ma asara ne. Riƙe layi ɗaya da lokaci ɗaya, mutane su san bayan azahar za su gan ka.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne haɗa kwantai da sabon girki. A bazara, alalen da aka rufe tun asuba kan yi tsami kafin la'asar. Gara ka dafa kaɗan ya ƙare da wuri. Bokitin wanke-wanke kuma a riƙa canja masa ruwa, musamman da damina lokacin amai da gudawa, sannan hannun da ya karɓi kuɗi kada ya koma cikin kula, a sa ludayi.