Yadda za ki sa kuroshe a gida bayan kin daina rilaksa

Inda sabon gashi ya haɗu da tsohon da rilaksa ta miƙar, nan ne gashi ya fi saurin karyewa. Kuroshe, wato ɗaura gashin doki a jikin kitso da allura mai ƙugiya, na hutar da wannan wurin daga mataji na tsawon makonni.

1. Ki wanke kai, ki sa kwandishana, ki taje da mataji mai manyan haƙora, daga tsinin gashi zuwa tushe. Ya bushe sarai, sannan ki shafa man kaɗanya kaɗan.

2. Ki yi kitso zuwa baya, layi 8 zuwa 12. Kada ki ja gashin goshi. In kin ji fatar kai na zogi, ki kwance ki sake, kwalliyar da za ta cinye miki gaban kai ba ta da amfani. Jelar kitson ki naɗe ta, ki ɗinke da allura da zare.

3. Ki buɗe bakin allurar kuroshe, ki zura ta ƙarƙashin kitson. Ki ninka gashin doki biyu, ki maƙala shi a ƙugiyar, ki rufe bakin, ki jawo har madauki ya leƙo. Ki zura jelar cikin madaukin, ki ja a hankali. Gashi mai santsi sai an ƙulla sau biyu.

4. Ki fara daga ƙeya, ki bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin ƙulli da ƙulli; a gaba ki matso da su. Cika kai da yawa nauyi ne kawai.

5. Ki datse da almakashi. Da dare ki ɗaura ɗankwalin siliki, kuma ki cire kuroshen kafin ya wuce mako 6.