Yadda Za Ki Zaɓi Siliki Mai Ƙulli-Ƙulli Ki Ɗinka Bai Lalace Ba

'Yan uwa masu ɗinki kun dame ni da tambaya kan silikin nan mai ɗan kaushi da ake yi wa kayan biki da na wasan kwaikwayo, musamman ku na Gusau da Ƙauran Namoda, to ga shi:

1. A kasuwa ki zare zare ɗaya a bakin yadin ki ƙona. Na gaske warin gashi yake yi, tokarsa ta murmushe, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

2. Ƙullin da ke jikinsa ba aibi ba ne, haka saƙarsa take.

3. Ƙara rabin yadi kan awonki.

4. Yanka duka sassan kayan yadda ƙullin zai kalli gefe ɗaya, in ba haka ba launi zai bambanta.

5. Yi wibin, wato ɗinkin da ke kame bakin yadi, nan take, don wallahi yadin nan zarewa yake kamar me.

6. Sa sabuwar allura siririya, lamba 9 ko 11.

HATTARA: in kika farke ɗinki hujin allura ba ya ɓacewa, fara gwadawa a ƙyalle.

7. Sa masa shafi saboda zufa.

8. Wanki da hannu, ruwan sanyi, sabulu mai laushi. Ban da bilic, ban da kanwa, kar ki murɗe.

9. Shanya a inuwa, ranar garinmu koɗar da shi take.

10. Guga ta ciki, wuta kaɗan, ki ɗora farin ƙyalle, dutsen gawayi kam ki bari ya huce sosai.

11. Kar a shafa masa humra, man yana barin tabo.