Yadda Za Ka Duba Tsohuwar Jitar Bas Kafin Ka Saya a Zariya

Da farko, riƙe ta ka kanne ido ɗaya, ka bi wuyanta da kallo. Hunturun Zariya yana busar da katako, wuyan da ya karkace kuwa gyaransa wahala ne.

Sai ka nemi lambar shaidarta. A yawancin tsofaffin jitocin kamfanin Fender tana jikin farantin ƙarfe na bayan wuya, daga 1976 ta koma kan jitar, wato can ƙarshen wuya inda ake ɗaure tsirkiyoyi. Fender ta fara samfurin Precision Bass a 1951, na Jazz Bass a 1960, wanda ya ce tasa ta girmi haka, tatsuniya yake.

Duba fenti. Sabon fenti yana karya darajarta, ƙurzuna da tsufa ba laifi.

Haɗa ta da lasifika, ka kaɗa kowace tsirkiya. In ba ƙara mara daɗi, sai ku zauna ciniki.