Yadda Za a Zaɓi Labarin da Ya Dace da Ƙaramin Yaro

A fara da duba shekarun yaron. Wanda bai kai shekara 3 ba gajeren labari ya fi dacewa da shi, mai yawan maimaita kalmomi, a kan abubuwan da yake gani kullum.

Daga shekara 3 zuwa 6 ne ake buƙatar taka-tsantsan sosai, domin a lokacin yaro bai gama bambance ƙirƙira da gaskiya ba, saboda haka labarin ban tsoro da babba zai ji ya manta yana iya hana shi barci. Wannan ba ya nufin a cire duk wata matsala daga labari. A ganina, wanda jaruminsa ya shiga tsaka mai wuya, sannan ya kuɓuta ta hanyar haƙuri, dabara ko neman taimako, ya fi amfani ƙwarai.

A nazarci labarin tukuna kafin a ba yaro, a ajiye duk wanda ke yi wa nakasassu ba'a ko yake yabon mayaudari. Idan yaro ya nemi a maimaita masa, a maimaita, domin ta haka sababbin kalmomi ke zama a kansa.